Maganin Yana Nan Tun Tuni, Agogon Ne Ya Makara

Sarakan musu, ku matso kusa, yau da ku nake. Maganar da na zo da ita ba ta da tsawo: cikin duk dabarun da ɗan Adam ya gwada don rage wa mai ciwon ajali raɗaɗi, babu wadda ta kai agogo amfani. Eh, agogo dai, wannan da kuke ɗaurawa a hannu don ado, a ce ɗaurin aure ƙarfe goma ku iso an shafa fatiha. Na hango wani can baya ya taɓe baki, ga Hajiya kuma ta ce marubutan zamani ba sa rasa abin faɗa. Ba komai. Ku dai bari in kai aya, in ya so kowa ya zare takobinsa.

Abin da zan fara cire muku daga rai shi ne zaton cewa mutanen dā ba su da magani. Suna da shi, mai ƙarfi kuwa. Akwai wani tsiro da ake nomawa tun daga Turkiyya har Indiya, in furensa ya zube sai ya bar ƙwallo kore. Manomi ya bi da 'yar wuƙa ya tsattsaga fatar ƙwallon sama-sama, wani farin ruwa mai kauri ya tsattsafo, ya sha iska ya yi duhu ya daskare, a dawo a kankare shi. Wannan danƙon shi ne ofiyom, Larabawa su ce afyun. Wani likitan Girka, Dioscorides, ya bayyana yadda ake tatsarsa tun ƙarni na 1 Miladiyya, kuma mofin ɗin da ke kulle a kabad ɗin asibiti yau daga wannan tsiron yake fitowa. Kusan shekara 2,000 ke nan aƙalla magani yana hannu, mutane kuma suna ta mutuwa suna yaƙushin tabarma. Me ya hana?

Allah gafarta Malam, na ga ka gyara rawani, na kuma san abin da ke bakinka: abin da ke gusar da hankali ba a wasa da shi. Haka ne, kuma ba ni zan ja da kai a fagenka ba. Sai dai in tuna maka da mutanenka. Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, ya yi bayanin afyun a cikin littafinsa Alƙanun, ya sa shi a gaban duk masu kashe zafi, ya kuma yi kashedi cewa in aka zarce awo kisa yake yi. Malaman fiƙihu ma ba su kauce wa tambayar ba. Imamu Nawawi ya duba halin wanda hannunsa ya ruɓe za a yanke, ko ya halatta a shayar da shi abin da zai ɗauke masa hankali, ya rinjayar da halacci. In ka ce ai shi Bashafi'e ne, to Ibn Farhun Bamalike ne, ɗan gida, shi ma hakan ya gani. Can ɓangaren Kirista kuwa, a 1957 Paparoma Pius na 12 ya amsa wa likitoci cewa babu laifi a ba mai jinyar ajali maganin kashe zafi ko da zai iya rage masa kwana, muddin ba kisan aka nufa ba.

"To ai ciwo kaffara ne." Na'am, ladan haƙuri yana nan, babu mai taɓa shi. Amma na lura masu wa'azin dauriya galibi a tsaye suke a gefen gado, ba a kwance a kansa ba. Ranar da haƙorin Malam ya motsa cikin dare, ba mu ji an ce a bar shi ya tara lada ba; yaro aka tasa ya je ya buga wa mai kemis ƙofa.

Matsalar ofiyom tun asali ita ce rashin ma'auni. Na wannan gona ƙarfinsa daban da na waccan, ga 'yan kasuwa suna algus. A Turai ta tsakiyar zamani suna da wani soso da ake jiƙawa da ruwan ofiyom da banju da wasu saiwoyi dangin zaƙami, a shanya shi, ranar aiki a tsoma a ruwan zafi a kara wa majinyaci a hanci. Wani ya yi barci, wani ya ƙi, wani ya yi barcin ya zarce. A shekarun 1670 likitan Ingila Thomas Sydenham ya wallafa nasa haɗin: ofiyom da za'afaran da kirfa da kanumfari, a jiƙa cikin giyar inabi. Hajiya, na ga idonki ya yi haske da kika ji kirfa da kanumfari. Kwantar da hankalinki, kayan ƙamshin ɗaci kawai suke ɓoyewa, aikin na ofiyom ne. Wannan ruwa, lodanom, ya yi sama da shekara 200 a gefen gadon masu tarin fuka da masu ciwon daji, ana ɗiga shi a cokali.

Wanda ya kawo ma'aunin yaron kanti ne. Friedrich Sertürner yana koyon harhaɗa magunguna a garin Paderborn na Jamus, yana da shekara 21 ko 22, wajen 1804 zuwa 1805 ya ware sinadarin da ke yin aikin daga cikin danƙon. Manya suka share shi. Daga baya ya yi abin da ba na ba kowa shawararsa: ya tara samari uku, shi na huɗu, suka afa garin sau uku cikin ƙasa da awa guda. Ciki ya murɗa, ido ya rufe, suka zube. Da ƙyar ya lallaɓa ya ɗura wa kowa ruwan khal suka yi ta kwarara amai. Ya buga labarin a 1817, kuma zuwa 1827 kamfanin Merck a Darmstadt ya fara sayar da mofin da yawa. Daga ranar likita yana iya cewa ga abin da na bayar, ba ƙila-wa-ƙala.

Sai allura, masoyiyarku. Kada ku musa, na san ku: mutum ya je asibiti a haɗa shi da ƙwayoyi, ya dawo gida yana cewa likitan nan bai san aiki ba, ko allura bai yi mini ba. To ku da likitocin ƙarni na 19 jirgi ɗaya ya kwaso ku. A 1853 Alexander Wood a Edinbura ya fara tura mofin ƙarƙashin fata da sirinji, da yawa daga likitocin lokacin kuma suka gaskata cewa tunda maganin bai bi ta baki ba, mutum ba zai kamu da kwaɗayinsa ba. Wai kwaɗayi a ciki yake zaune. Ba a ɗauki lokaci ba sai ga attajirai da matan gida da likitocin kansu suna yawo da sirinji a aljihu. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da hiroyin a matsayin maganin tari, ana ganin ya fi mofin aminci. Nan kam, mai tsoron ƙwaya, ka ci maki ɗaya. Rubuta shi da kyau, don ba za su yi yawa ba.

Da abin ya ɓaci sai aka yi gyaran gangar Auzinawa. Amurka ta kafa dokar Harrison a 1914, aka shiga gurfanar da likitoci kan rubuta wa masu jaraba mofin. Likita ya ga abokin aikinsa a gaban alƙali, sai alƙalaminsa ya yi nauyi. Tsoron ya shiga makarantun likitanci ya zama darasi. A 1941 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga maƙalar da ke gargaɗin a guji ba mai ciwon daji na matakin ƙarshe irin waɗannan magunguna matuƙar akwai yadda za a yi, don gudun kada ya kamu. A duba fa. Mutum sauran kwanansa ba su cika wata biyu ba, ana fargabar kada ya lalace.

Ga yadda wannan tsoro yake idan ya shiga ɗakin jinya, wasunku ma sun gan shi da idonsu. Likita ya rubuta a kati: a yi allura in an buƙata. Wa zai ce an buƙata? Majinyaci. Da me? Da ihu. Zafi ya fara taso masa, ya daure don kada a ce ya cika raki. Ya kai inda dauriya ta ƙare, ya kira nas. Nas ta duba kati ta ce da saura. In lokacin ya yi, a je neman mai riƙe da makullin kabad, a nemo ta biyu da za ta sa hannu a littafi, a shirya sirinji. Kafin allura ta shiga jiki zafin ya kai ƙololuwa, sai an zuba mai yawa kafin ya kwanta, mutum ya koma sumamme, bai san wa ya zo gaishe shi ba. Bayan awa uku ko huɗu ya farka, zafin yana zaune yana jiransa. In ya yi kwanaki a haka ba shi da zance sai na allura, idonsa kullum a ƙofa, sai ma'aikata su kalli juna su ce, ka gani ko, ya kamu. Su suka koya masa roƙo, sannan suka kafa hujja da roƙon.

Yallaɓai mai cewa a nemi wata hanya mana, an nema, ina dai fatan ka karya kumallo. A 1911 a Filadelfiya, William Spiller ya sa likitan tiyata Edward Martin ya buɗe bayan wani majinyaci ya datse hanyar da saƙon zafi ke bi a cikin laka. Wannan aiki yana nan har yau ga 'yan tsiraru, yana kuma taimakawa, sai dai zafin kan dawo bayan lokaci, wani kuma ya tashi da raunin ƙafa ko fitsari ba riƙo. A shekarun 1930 David Macht a Baltimore ya yi ta yi wa masu ciwon daji allurar dafin gamsheƙa; gardawa ma sai sun sara masa. A shekarun 1940 kuma Walter Freeman da James Watts, da wasu bayansu, suka riƙa huda ƙoƙon kai suna yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. In aka tambayi majinyaci bayan aikin sai ya ce zafin yana nan, amma bai dame shi ba. Abin da ya ɓata cinikin shi ne matarsa ma ba ta dame shi ba, 'ya'yansa ma haka. Duk wannan, cokalin magani yana cikin kabad a kulle.

Masu cewa namiji ba ya raki, ga maza biyu ku auna. Janar Ulysses Grant, wanda ya jagoranci sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka ya kuma shugabanci ƙasar sau biyu, ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro a 1884, shekarar da wani abokin kasuwanci ya cinye masa dukiya. Haɗiyar ruwa ma azaba ce. Da ruwan koken (hodar iblis) da ake shafa masa a maƙogwaro, da mofin in dare ya yi, ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa don iyalinsa su samu abin kaiwa baka, ya gama kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Yulin 1885. Janar guda bai ga ragontaka a ciki ba. Na biyun ɗan'uwanku ne a taurin kai: Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi shekara 16 da ciwon daji a muƙamuƙi, an yi masa aiki sama da 30, ya ƙi duk wani abu da ya wuce asfirin don kada tunaninsa ya dushe. Ina girmama shi. Amma ku dubi zaɓin da zamaninsa ya ajiye masa: ko azaba da hankali, ko sauƙi da suma, babu na uku. A Satumban 1939 a Landan shi da kansa ya ce wa likitansa Max Schur ya isa haka, aka yi masa mofin, bai sake farkawa ba.

Na ji ki, Hajiya: "Ka gani! Allurar ƙarasawa ce." An taɓa yin hakan, ba zan ɓoye ba, har a fada. Daren 20 ga Janairun 1936 Sarki George na 5 na Ingila yana gargara, likitansa Lord Dawson ya tura masa mofin da koken a jijiyar wuya. Sai bayan shekara 50 aka bayyana abin da likitan ya rubuta da hannunsa, aka ga dalilansa, ciki har da son labarin rasuwar ya fito a jaridar safe ta The Times, ba a jaridun yamma ba, waɗanda bai ga sun dace da sarki ba. Wannan sunansa kisa ko da an yafa masa alkyabba. Riƙe labarin da kyau, ki ɗora shi kusa da wanda ke tafe.

Kafin nan, ga abin da zai faranta ran masu son haɗi, waɗanda in magani bai kai kala bakwai ba ba su yarda ya yi ba. A 1896 Herbert Snow, likitan tiyata a asibitin ciwon daji na Landan, ya rubuta cewa yana haɗa wa majinyatansa ofiyom ko mofin da koken. A shekarun 1920 asibitin Brompton, na masu ciwon ƙirji, ya ɗauki irin haɗin yana ba waɗanda aka yi wa aikin huhu saboda tarin fuka, daga nan sunan asibitin ya bi shi. Cikin kwalba guda akwai mofin ko hiroyin, da koken, da barasa, da ruwan zaƙi, da ruwan kulorofom. Hodar iblis da giya a cokali ɗaya, Malam, kuma nas ce ke miƙowa da ladabi. Hikimar wai ɗaya ya kashe zafi, ɗaya ya hana gyangyaɗi, barasa ta faranta rai. Aka buga shi a 1952, ya bazu, kowane asibiti da nasa awon, wannan ya ƙara kaza wancan ya rage. Zuwa shekarun 1970 ya ƙetara Kanada da Amurka ana yi masa kallon wani asirin Turawan Ingila.

Yanzu mun iso wurin agogo, kuma mace ce ke riƙe da shi, sai maza su yi haƙuri. Cicely Saunders nas ce tun farko, ciwon baya ya fitar da ita daga aikin, ta koma mai kula da walwalar majinyata. A 1948 ta yi ta zama a gefen gadon wani Bayahuden Poland mai suna David Tasma da ciwon daji ke ci, suna zancen irin gidan da ya kamata a ce mai ciwon ajali ya ƙare kwanansa a ciki. Ya rasu ya bar mata fam 500, ya ce a yi taga da su a gidan. Ta shiga aikin sa-kai da yamma a gidan jinya na St Luke's, a can ta ga abin da ba a koyarwa a makaranta: ma'aikatan gidan ba sa jiran ihu. Suna ba da maganin ta baki, a kan lokaci, ko majinyaci ya nema ko bai nema ba. Majinyatan kuwa ga su a zaune idonsu biyu, suna hira. Likitan tiyatar da take aiki da shi, Norman Barrett, ya ce mata in tana so a saurare ta sai ta je ta zama likita, domin likitoci ne ke juya wa masu mutuwa baya. Ta koma aji tana da shekara 33, ta fito a 1957.

Daga 1958 ta kai tsarin gidan jinya na St Joseph's da ke Hackney, ta riƙa rubuta bayanin majinyata ɗaya bayan ɗaya har 1,100, tana ɗaukar muryoyinsu a rikoda. Dalilin da ya sa tsarin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Mofin ɗin da aka sha yakan yi kamar awa huɗu yana aiki kafin hanta da ƙoda su rage shi. In aka ba da na gaba kafin na baya ya ƙare, ƙarfinsa a jini ba ya hawa sama har ya sumar, ba ya kuma faɗuwa ƙasa har zafi ya leƙo. Raɗaɗi mai bin bashi ne: in ka aika masa da nasa kafin ya fito daga gida, kaɗan ya ishe shi, in ka bari ya zo ƙofa ya tara maka unguwa, sai ya haɗa da akuyar gidan. Awon kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. Ana farawa da kaɗan, likita yana ƙarawa sannu a hankali har a kai inda zafin wannan mutumin ya kwanta, jiki kuma yana sabawa, shi ya sa numfashi ba ya tsayawa. Hajiya, ga bambancin da na ce ki jira: Dawson ya zuba a jijiya lokaci guda don mutum ya tafi, nan kuwa ana aunawa ne don mutum ya zauna ya ci abinci. Ban ce ba shi da illa ba. Akwai gyangyaɗi da tashin zuciya a kwanakin farko, akwai ƙullewar ciki wadda ba ta tafiya, dole hannun da ya rubuta mofin ya rubuta maganin sakin ciki.

Wani abin da ta ji a bakin majinyatanta shi ne zafin ba a jiki kaɗai yake ba. A cikinsa akwai tsoro, akwai wa zai riƙe yara, akwai kuɗin haya, akwai tsakanin mutum da Ubangijinsa, kowanne yana hura ɗan'uwansa. A 1964 ta rubuta hakan, ta ce duk sai an taɓa su. Nan kam ba ta faɗa muku sabon abu ba, ku da kuke cika ɗakin majinyaci da gaisuwa da addu'a da kwanon kunu. Wannan rabin kun iya shi. Ɗaya rabin ne kuke hanawa. A 1967 ta buɗe gidan St Christopher's a kudancin Landan, da tagar Tasma a jikinsa, a can kuma ta rasu a 2005.

Masu haɗi, ku yi mini afuwa, ga ƙarshen kwalbarku. Saunders ta ɗauko wani matashin likita, Robert Twycross, a 1971, ta sa shi ya bincika abin da gidan da kansa ke bayarwa. Ya riƙa zare kayan haɗin ɗaya-ɗaya. Ya gwada hiroyin da mofin ta baki, majinyaci bai san wanne ya sha ba, mai ba shi ma bai sani ba. In an daidaita awo, babu wanda ya fi wani. Ya gwada da koken da babu koken. Ɗan wartsakewa ne na 'yan kwanaki, daga nan shiru. A 1979 Ronald Melzack da Balfour Mount da abokin aikinsu a Montreal suka kara haɗin Brompton da mofin zalla a cikin ruwa mai ɗanɗano, sakamako ya zo kunnen doki. Ashe duk shekarun nan mofin ne ke noma, sauran suna zaune a inuwa ana yi musu kirari. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara abin cikin ɗan ƙaramin littafi: a bayar ta baki, a bayar a kan lokaci, a hau daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi gwargwadon zafin. A 2010 kuma wani bincike a Boston kan masu ciwon dajin huhu 151 ya nuna waɗanda aka fara wa irin wannan jinya ta sassauci da wuri sun fi jin daɗin kwanakinsu, har ma matsakaicin kwanansu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. Allurar ƙarasawar taku ke nan.

Mai tsoron ƙwaya, zo karɓi makinka na biyu, na ƙarshe. Daga 1996 kamfanin Purdue ya cika Amurka da ƙwayar OxyContin, 'yar'uwar mofin, yana gaya wa likitoci haɗarin kamuwa kaɗan ne, ana rubuta wa mai ciwon baya da mai ciwon gwiwa kwalba-kwalba; a 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a kotu, ɓarnar kuwa har yau ba a gama kwashe ta ba. Mu ma nan mun ga namu, mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa samari da matan aure, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Tsoronka yana da tushe. Amma ina ya sauka? Yaron bakin kwalbati yana samun abinsa ba takardar likita, tsohuwar da ciwon daji ya cinye wa nono kuwa ana ba ta farasitamol da "sannu, Iya". Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa mofin da danginsa da ke shiga Najeriya ta hanyar halal ba su kai kashi 1 cikin 100 na abin da irin waɗannan majinyata ke buƙata ba. Ƙofar da kuka kulle ba ita ɓarawon ke bi ba.

Saura kai, ranka ya daɗe, mai kujera a ofis, mai cewa wannan ai harkar ƙasashen masu kuɗi ce. Anne Merriman likita ce 'yar Liverpool da ta yi shekaru tana aiki a kudu maso gabashin Najeriya. A 1993 ta fara gidan jinyar sassauci a Kampala, bayan gwamnatin Yuganda ta yarda a shigo da garin mofin. Abin da take buƙata ba yawa: gari, sikeli, ruwa mai tsabta, ɗan abin hana lalacewa, da kalar da ake sa wa kek, kore ga mai sauƙi, wata kalar ga mai ƙarfi, don ko wanda bai iya karatu ba ya bambance. A ɗura a gorar ruwan roba da aka wanke, majinyaci ya tafi da ita ƙauyensu, jikarsa ta riƙa auna masa. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi da kansu, gwamnati kuma tana bayarwa kyauta. Kwamitin Lancet ɗin nan ya lissafa cewa dala miliyan 145 a shekara za ta cike giɓin mofin na dukkan ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, in an saya a farashi mai kyau. Dukkansu fa, ba ƙasa ɗaya ba. Kai da ka saba ganin takardun kwangila, faɗa mana tsakani da Allah, gadar sama nawa ke nan?